Mustang GT ko Mercedes-AMG C63: wadda ta fi riƙe kuɗinta, da gaskiyar maganar garanti a Damagaram

Alhaji, ka tambayi 'yan ƙungiyarmu game da motoci biyu da dillali ya turo maka hotunansu daga Lome, Ford Mustang GT da Mercedes-AMG C63, dukkansu ƙirar 2017, kana son sanin wadda ba za ta cinye maka uwar kuɗi ba idan ka tashi sayarwa bayan shekara biyu ko uku, da kuma ko garantin wata uku da ya yi maka alkawari abin dogaro ne. Zan fara da garantin, domin a nan ne na fi jin tsoron a cuce ka.

Garantin kamfani ba ya kan ko ɗaya daga cikinsu. Ford a Amurka tana ba sabuwar mota shekara 3 ko mil 36,000 a kan jikinta baki ɗaya, sannan shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Mercedes a can tana ba da shekara 4 ko mil 50,000, wato kusan kilomita 80,000, a Turai kuwa shekara 2 ne. Idan ka ƙirga daga 2017, na Mercedes ya ƙare tun wajen 2021, na injin Ford ya bi shi a 2022. Ko da ma da sauran wa'adi, garantin Ford na Amurka an yi shi ne domin motar da ke da rajista tana yawo a can, kuma motar da kamfanin inshora ya yanke wa hukuncin cewa gyaranta bai cancanta ba, aka sayar da ita a gwanjo irin na Copart ko IAA, garantinta yakan faɗi ne tun ranar da aka sauya mata takarda. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke sauka a tashoshin ruwan yankinmu ta wannan ƙofa suka fito.

Saura garantin dillali, wanda maganar baki ce har sai an rubuta ta. Ka tambaye shi, a gaban shaidu, me wata ukun ya ƙunsa. Idan turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska domin ƙara masa ƙarfi, ya lalace, yana cikin abin da ya kira inji, ko zai ce wani abu ne daban? Wa zai biya kuɗin ɗaukar motar daga nan zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ko zuwa Kano? Daga wace rana za a fara ƙirga, ranar biyan kuɗi ko ranar da mota ta shigo Damagaram? Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, kuma hanyar takan ci makonni, ta yadda rabin garantin zai iya ƙarewa motar tana kan tirela. Malamanmu na fiƙihu sun san haƙƙin mai saye na mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, amma tabbatar da cewa aibin ya riga ciniki shi ne wahalar, musamman idan mai sayarwa yana wata ƙasa. Shi ya sa nake ba ka shawarar ka riƙe wani kaso na kuɗin a hannun mutumin da ku biyu kuka yarda da shi, har motar ta iso, bakanikenka ya gama dubawa.

Tunda babu mai ɗaukar maka nauyin gyara, tambayar ta koma kan wadda gyaranta ba zai durƙusar da kai ba. A nan motocin sun sha bamban ƙwarai. Mustang GT ta 2017 tana da inji V8, wato mai silinda takwas, mai lita 5.0 da ake kira Coyote, ƙarfin doki 435, ba shi da turbo, kuma ɗan'uwansa ne Ford ke sakawa a akori-kurar F-150, wadda ake ƙerawa da ɗimbin yawa, abin da ya sa kayan gyaransa suke da sauƙin samu da sauƙin kuɗi a Amurka da Dubai. C63 kuwa injinta lita 4.0 ne mai turbo biyu, ƙarfin doki 476 a lissafin Turai, ko 510 idan C63 S ce. Injin ƙwarai ne, mutum ɗaya ke haɗa shi da hannu a Affalterbach ta Jamus, har ya liƙa faranti mai ɗauke da sa hannunsa a kai. Sai dai an dasa turbo biyun ne a tsakiyar injin, inda zafi ke taruwa, kuma kai ka san yadda watan Afrilu da Mayu suke a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tun kafin azahar. Ƙurar hunturu tana toshe ragar sanyaya inji, kuma C63 tana da na'urorin sanyaya fiye da ɗaya a can ƙasan gabanta, daidai inda tudun rage gudu da duwatsun hanya suke fara duka.

Akwai kuma maganar mai. Mercedes ta tsara wannan inji ne domin isansi mai daraja ta sama, lamba 98 a ma'aunin Turai, ita kuwa Ford ta yarda a zuba wa Mustang man gama-gari na Amurka, duk da cewa ƙarfinta ya fi fitowa da mai tsada. A nan, duk da matatar SORAZ da ke kusa da mu tun 2011, isansi iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai, babu zaɓi. Kwamfutar kowace daga cikinsu za ta rage ƙarfi domin ta kare injin, amma inji mai turbo ya fi jin jiki da mai marar kyau, kuma kada ko ɗaya ta taɓa shan na 'yan ruwa-ruwa. Baƙin man C63 ma sai wanda ke da amincewar Mercedes ta 229.5, na ainihi, ba jabu ba. Wajen gano cuta, Ford tana karantuwa da manhajar FORScan da ƙaramar na'ura mai araha, alhali Mercedes ba ta buɗe cikinta sosai sai ga mai manhajarta ta Xentry wanda ya iya aiki da ita, irin wanda za ka nema a Kano ko Yamai. Giyar Mustang mai sarrafa kanta ta wannan shekara, mai hawa shida, tsohuwar ƙira ce da ta jure aiki. Ta hannun ce masu ita suka yi ta kuka da ita a Amurka, don haka idan ta hannu ce ka gwada ta da kyau tana sanyi da kuma bayan ta ɗumama.

A wajen sake sayarwa, kada farashin da kake gani a Turai ya ruɗe ka. Can, C63 mai V8 ta ƙara samun masu so tun da Mercedes ta fito da sabuwar C63 mai silinda huɗu da batir, wadda masoya ƙarar V8 ba su karɓa ba. Amma ba a Jamus za ka sayar ba. A Damagaram, Hilux ko Land Cruiser ko Corolla idan ta fito kasuwa da safe, kafin la'asar an taya, domin kowa ya san abin da za ta yi masa a hanyar Tanut ko Gure. Waɗannan biyun kuwa masu sayensu a garin nan ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san juna, sun san tarihin kowace mota.

A cikin wannan ƙaramar kasuwa, tauraron Mercedes yana da farin jini, kuma ƙofa huɗu ta sa magidanci zai iya dubanta. Matsalar ita ce idon mai saye na nan C300, 'yar'uwarta ta gama-gari, yake gani, domin daga nesa jikinsu kusan ɗaya ne, kuma ba zai biya ka ninkin kuɗin da ka ƙara saboda harufan AMG, tambarin Mercedes masu ƙarfin gudu, ba. Wanda ya san darajar harufan kuwa shi ne ya fi kowa sanin tsadar gyaranta, saboda haka shi ma zai taya da rahusa. Mustang ba ta kama da kowace mota a titi, wanda yake sonta ita ɗin yake so, kuma da yake kuɗin sayenta ya yi ƙasa da na C63 tun farko, abin da za ka rasa ma bai kai ba. Idan kana tunanin Kano ce mafita, ka tuna Najeriya ta sa dokar hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, ga sabon kuɗin kwastan, ga naira da ke hawa da sauka alhali sefa tana ɗaure da yuro. Kuɗin duwan da ka biya a nan ba mai mayar maka da shi a can.

Abin da ya fi sunan kamfani tasiri a kan farashin gobe shi ne tarihin motar. Bara na raka wani abokina duba wata mota irin wannan da aka kawo daga waje, fenti yana ƙyalli, ciki yana ƙanshin turare. Bakanike bai ko tayar da inji ba. Ya tura kujerar direba baya, ya haska ƙarfen da take zamewa a kai, sai ga tsatsa ja. Ya ɗaga kafet da yatsa biyu, busasshen taɓo ya zubo kamar garin kuka. Da muka bincika lambar jikinta, sai ga hotonta a filin gwanjo, ruwa ya kai mata tagogi. Motar da ambaliya ta ci tana iya tafiya lafiya wata shida, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan C63 mai kwamfutoci da yawa wannan asara ce da ba ta da iyaka.

Saboda haka, kafin ka tura ko jika ɗaya, ka karɓi lambar VIN, wato lambar jikin mota, ta kowacce, mai harufa da lambobi 17, ka sayi rahoton tarihin mota na kamfanin Carfax, ka kuma rubuta lambar a intanet domin hotunan gwanjo sukan fito. A Mustang, gurbi na takwas a cikin lambar dole ya zama F. Idan H ne ko M, ƙaramin inji ne aka liƙa wa tambarin GT. A C63, ka sa a ɗauko maka hoton farantin nan na kan inji, kuma lambar VIN ɗin ta dace da wadda ke kan takardun duwan da za a yi maka kartagiris da su. Ka lura ko agogon tafiyar mil yake ƙirgawa ko kilomita, domin mil 60,000 ya haura kilomita 96,000.

Idan duka biyun suka fito da tsabta, ni Mustang mai giya mai sarrafa kanta zan ɗauka, in ware kuɗin tayoyi huɗu da na gyaran shekara a gefe tun ranar saye, domin tayoyin wannan girma ba a samunsu a Kasuwar Dole, sai an aiko. C63 ta fi ta daɗin tuƙi da kyan ciki, ban musa ba, amma ta dace ne da wanda ke da wata motar ta yau da kullum, da bakanike mai Xentry da zai iya kira, da kuɗin da ba na jari ba. Turo mana lambobin biyu idan dillalin ya ba ka, mu duba tare. Idan kuwa ya fara kame-kame a kan bayar da su, kada ka ci gaba da cinikin.