Tashar Wakaliwood a YouTube: finafinan harbi daga unguwar Wakaliga

Mai son ware mako guda yana kallon finafinan faɗa, irin waɗanda ƙarancin kayan aikinsu ne daɗinsu, zai yi kyau ya fara da tashar Wakaliwood. Kamfanin Ramon Film Productions ne ke da ita, na Nabwana Isaac, a unguwar marasa galihu ta Wakaliga da ke Kampala, babban birnin Uganda. Mutumin tsohon mai buga bulo ne, da kansa ya harhaɗa kwamfutocin da yake tace fim da su daga tsofaffin sassa.

A daren farko a kalli Who Killed Captain Alex? na shekarar 2010, wanda yake nan cikakke kyauta, tsawonsa awa ɗaya da 'yan mintoci. Kuɗin da aka kashe masa bai wuce dala 200 ba. An tura Kyaftin Alex ya murƙushe gungun 'yan daba na Tiger Mafia, aka kashe shi, ɗan'uwansa gwanin kunfu ya fito ɗaukar fansa. Har fim ya ƙare ba a faɗi wanda ya yi kisan ba, don haka kada a zauna jiran amsa.

Hoton dishi-dishi ne, kuma ba laifin wayarka ba ne. Asalin fim ɗin ya salwanta, abin da ya tsira kwafin faifan DVD ne. Saboda haka ɗaga inganci zuwa 720p asarar data ce kawai. A bar shi a 360p, inda awa guda ba ta cika wuce megabait 300 ba. Sauti ne ya cancanci kulawa: a haɗa da sifika, domin lasifikar waya tana cakuɗa ƙarar bindiga da muryar mai sharhi har a rasa rabin maganar.

Wannan mai sharhin, VJ Emmie, shi ne gishirin miyar. A gidajen kallo na Uganda akwai mutumin da ke riƙe makirfo yana fassara fim yana zuba barkwanci yayin da ake kallo, shi ake kira VJ. Wanda ya saba da fassarar Indiya-Hausa zai gane abin nan take, sai dai akwai bambanci. Mai fassara yana aron bakin ɗan wasa ne, shi kuwa VJ yana gefe kamar ɗan kallo mai surutu: ya yi wa jarumi kirari, ya tsokani mugu, ya tallata fim na gaba a tsakiyar artabu. 'Yan wasan da harshen Luganda suke magana, shi kuma galibi da Turanci, ga rubutun fassara a ƙasa. Rubutun ƙanana ne a fuskar waya, gara talabijin ko kwamfuta, kuma gara a kalla cikin jama'a.

Bindigogin ƙirar maƙeri ne, daga bututu da tarkacen ƙarfe, harsasan kuma sassaƙen itace. Jinin da ke fallatsa ruwan kala ne da ake ɗurawa a kwaroron roba a ɗaure a ƙirjin ɗan wasa. Jirgin sama mai saukar ungulu da fashewar gine-gine aikin kwamfuta ne, kana ganin gefen hoton da aka liƙa ƙuru-ƙuru. Amma dambe da tsalle-tsallen na gaske ne, 'yan wasan sun horu da kunfu sosai, suna faɗuwa kan jar ƙasa da cikin kwata ba tare da katifa ba. Nan ne dariya ke komawa jinjina.

Fim ɗin Bad Black na 2016 ya fi na Kyaftin Alex tsari da tsabtar hoto, labarin wata yarinyar titi da ta zama shugabar 'yan daba. Ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a bikin Fantastic Fest na birnin Austin a Amurka. Crazy World kuma an haska shi a bikin finafinai na Toronto a 2019.

Aibin tashar shi ne rashin tsari. Cikakkun finafinai kaɗan ne, sun nutse cikin tallace-tallace da gajerun bidiyon bayan fage, ba za su cika dare bakwai ba sai an haɗa da waɗannan. A duba tsawon bidiyo kafin a danna, a kuma tabbatar sunan tashar ne a ƙasa, don kwafin da wasu ke sake ɗorawa sau da yawa a yanke yake. Jini da harbi sun yi yawa, ba na zama da yara ba ne.