Kwas ɗin CME na intanet ga likitan DO mai duba mata: wanne ya cancanci kuɗinki

Wata ƙanwata a sana'a da ta gama horon ƙwarewa bara ta turo min hotunan tallace-tallacen kwasa-kwasan CME, wato karatun ƙaro ilimi na likitoci, guda huɗu cikin dare ɗaya. Ta ce, "Yaya, wanne zan saya? Asibiti sun ware min kuɗin ƙaro ilimi, idan shekara ta ƙare ban taɓa su ba sun tafi ke nan." Na ce mata ta mayar da katin banki jaka tukuna, ta buɗe shafin hukumar lasisin jiharta. Amsar da na ba ta ce nake faɗaɗawa a nan, domin mu 'yan DO masu duba mata a Amurka muna da wani tarko da abokan aikinmu 'yan MD ba su san da shi ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba: a Amurka digirin likita iri biyu ne, MD da DO. Mai DO cikakken likita ne, yana rubuta magani, yana fiɗa, yana karɓar haihuwa, sai dai an ƙara masa horon gyaran jiki da hannu da ake kira OMT, gadon Andrew Taylor Still wanda ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Misuri a 1892. Ba ɗaya yake da mai ostiyofati na Ingila ba, wanda shi ba likitan asibiti ba ne. Tun 2020 an haɗe horon ƙwarewar DO da MD a ƙarƙashin hukuma guda, shi ya sa matasa da yawa ke zaton komai ya zama ɗaya. A wajen makin CME, wato awannin karatun da dole ka tara kafin a sabunta maka lasisi, ba a haɗe ba.

Ƙungiyarmu ta likitocin DO ta ƙasa, wato AOA, da ke Shikago ta kasa maki gida huɗu. 1-A shi ne karatun da cibiyar da AOA ta tantance ta shirya, wanda ake mu'amala da malami a cikinsa, ko a zaure ko ta intanet. 1-B namu ne shi ma, amma ba mu'amala, kamar karanta mujallar ƙungiya a amsa tambayoyinta. 2-A taron da ɓangaren MD suka shirya kai tsaye ne, 2-B kuma karatun gida na ɓangarensu: bidiyo, sauti, littafi. Kusan duk abin da za ki gani ana tallarsa a intanet da tambarin "AMA PRA Category 1" na ƙungiyar likitocin Amurka, AMA, a rukuni na 2 yake faɗawa a lissafin AOA. Kalmar "Category 1" ɗin nan ita ce ke cin mutane. Ɗaya ce a wajen AMA, biyu ce a wajenmu.

Jihohin da ke da hukumar lasisin DO ta daban su ne suka fi tsanani. A Fensilbaniya inda nake aiki, awa 100 ake nema duk shekara biyu, 20 daga ciki dole su zama 1-A. Fulorida awa 40 ce a shekara biyu, rabinsu 1-A. Mishigan tana neman 150 a shekara uku. Wasu jihohin kuma hukuma ɗaya ce ke kula da kowa, ba ruwansu da bambancin. Ban da jiha akwai hukumar ƙwarewarki: wadda ta ci jarrabawar AOBOG, hukumar ƙwarewa kan haihuwa da cututtukan mata ta ɓangaren DO, tana bin zangon AOA na shekara uku-uku, wadda ta bi ta ABOG, takwararta ta ɓangaren MD, kuma tana da nata lissafin daban. Dokokin nan suna sauyawa, don haka abin da ke shafin hukuma ranar da za ki biya kuɗi shi ne hukunci.

Ni a jikina na koya. Lasisin DO a jiharmu ranar 31 ga Oktoba yake ƙarewa a shekarun da ke rabuwa biyu. Wata shekara na sayi wani babban kunshin darussan lafiyar mata daga wani kamfani, dala dubu da ɗoriya, saboda na ga an rubuta ɓaro-ɓaro a shafinsu cewa AOA tana karɓar makinsu. Na yi ta saurare a mota tsakanin gida da asibiti har na tara awa hamsin da wani abu, ina ta jin daɗi. Sai a makon farko na Oktoba, ina zaune a ɗakin hutun likitoci da shayi a kofin roba, na buɗe rahoton makina na ga layin 1-A: sifili. Duk abin da na tara 2-B ne. Ba ƙarya suka yi ba, AOA na karɓa, amma a rukunin da ba shi nake nema ba. Na kira su, wata murya mai ladabi ta karanta min ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi. Ƙarshenta hutun da na yi wa yara alkawari na soke, na kwashe ƙarshen mako biyu ina manne da kwamfuta ina cike gurbi. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowane kwas ita ce: maki nawa na 1-A, kuma wa zai kai rahoto?

Da wannan ma'aunin, zaɓina ACOOG ne, kwalejin likitocin DO masu kula da haihuwa da cututtukan mata, mai hedikwata a Fort Worth ta jihar Teksas. Suna da manyan taruka biyu a shekara, ɗaya a farkonta ɗaya wajen kaka, kuma makinsu 1-A ne na asali, domin su kansu cibiya ce da AOA ta tantance. Kina ba su lambarki ta AOA, su ne za su aika da makin, ke dai sai ki gan shi a rahotonki. Wanda ya taɓa zama yana loda satifiket ɗaya bayan ɗaya da tsakar dare ya san darajar wannan. Idan za ki bi taron ta intanet, ki karanta bayanin maki na kowane tsari daban, domin kallon kai tsaye da kallon faifai daga baya ba lallai su zo a rukuni ɗaya ba. Wani faifan ana ba shi 1-A idan akwai gwaji da hanyar tura wa malami tambaya, wani kuma 1-B ne.

Amma ba makin kawai ya sa nake son su ba. Su ne za su yi miki maganar hawan jinin mai ciki da safe, da rana kuma su nuna miki yadda za ki kwantar da mai ciki wata takwas a gefenta ki saki ƙugun da ya riƙe. A ɗakin awo kusan kullum sai na ga mace ta shigo dafe da bayanta, ga shi magungunan ciwo da za a iya ba ta a wannan lokacin ba su da yawa. Hannun da aka horar da mu da shi yana tsatsa idan ba a amfani da shi. Kuma abin da ya ƙara min yarda da mutanenmu shi ne masu gaskiyarsu ba sa ɓoye sakamakon binciken PROMOTE da aka yi wa mata 400 a Teksas aka wallafa a 2015: waɗanda aka yi wa OMT a watannin ƙarshe na ciki sun fi waɗanda aka yi wa awo zalla samun sauƙin ciwon baya, amma ba su fi waɗanda aka yi wa maganin bogi da na'urar da ba a kunna ba. Malamin da zai faɗa miki rabi na biyun nan shi ne malami. Aibin ACOOG biyu ne: kuɗin ya fi sauƙi ga ɗan ƙungiya, wanda ba ɗan ƙungiya ba zai ji a aljihunsa, sannan wasu laccocin na masu fiɗa ne zalla, likitan iyali zai zauna yana kallon abin da ba zai taɓa yi ba. Ga irinmu likitocin iyali masu duba mata, ACOFP, kwalejin likitocin iyali ta DO, da babban taron AOA na shekara-shekara da ake kira OMED su ma 1-A suke bayarwa, sai dai lafiyar mata kaso ne kawai a cikin shirinsu.

Sauran kuwa. PROLOG na ACOG, babbar kwalejin likitocin haihuwa da cututtukan mata ta Amurka, tambayoyi ne masu kyau ƙwarai ga mai shirin jarrabawa, amma rukuni na 2 ne. UpToDate, rumbun bayanan likitoci na intanet, yana tara miki rabin maki duk lokacin da kika bincika wata matsala, ki bar shi ya yi ta taruwa ya cike awannin da ba a ƙayyade rukuninsu ba, kada ki jingina da shi. Medscape, shafin intanet na likitoci, kyauta ne, kuma da yawa daga darussansa da tallafin kamfanonin magani ake yin su, ki karanta wa ya biya. AudioDigest, laccocin sauti, abokin tafiya ne a mota. The Menopause Society, wadda ta bar sunan NAMS a 2023, ita ce wurin zuwa idan matan da al'ada ta ɗauke musu sun yi yawa a layinki, ilimi za ki samu a can, 1-A kuwa ki nema a wani wurin.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido sosai, domin kasuwar nan cike take da masu wayo.

Na farko su ne masu wasa da kalma, irin waɗanda suka ci kuɗina. "AOA na karɓa" daban, "AOA ta tantance" daban. Kwas na gaskiya yana da jimla guda da ke ambatar sunan cibiyar da aka tantance, da adadin makin, da rukuninsa, harafi da lamba. Idan kin ga tambarin AOA kawai babu wannan jimlar, ki ɗauka ado ne. AOA tana da jerin cibiyoyin da ta tantance, ACCME, hukumar da ke tantance cibiyoyin CME na ɓangaren MD, ita ma tana da wurin binciken nata. Minti biyar ya isa ki duba. Wani salon kuma shi ne kamfani ya jingina da sunan wata jami'a, ya sa tambarinta babba a sama, alhali kwas ɗaya tak suka taɓa yi tare.

Na biyu, masu katin kyauta. Za su sayar miki da darussa a kan ninkin kuɗinsu, su mayar miki da wani kaso a katin sayayya na Amazon ko Apple, su kuma ba ki rasit da bai nuna katin ba don ki kai wa asibiti. Biyu daga cikin hotunan da ƙanwar nan ta turo irin wannan ne. Na ce mata kuɗin asibiti ne ake wanke miki ta bayan gida. Asibitoci da dama sun hana, akwai batun haraji a kai, kuma ranar da mai binciken kuɗi ya tambaya, sunanki ne a takardar, kamfanin ba ya wurin. Ko ba don wannan ba, wanda jarinsa katin kyauta ne ba a kan darasi ya kashe kuɗinsa ba.

Na uku, tsohon kaya a sabon kwali. Ƙa'ida ita ce darasin da aka naɗa a sake duba shi aƙalla duk shekara uku, kuma a rubuta ranar fitowa da ranar ƙarewarsa. Wasu murfin kawai suke sauyawa. Ina da gwajin da nake yi a darasin ɗanɗano kafin in biya. In je wajen hawan jinin da mace ke da shi tun kafin ciki: idan har yanzu malamin na cewa a jira ya kai 160 kafin a fara magani, bai ji labarin binciken CHAP na 2022 da ya mayar da ma'aunin 140/90 ba. In je wajen hoton mama: tun Afrilun 2024 kwamitin USPSTF mai ba da shawarwarin rigakafi a Amurka ya ce a fara daga shekara 40, duk shekara biyu, har zuwa 74. In duba ko gwajin bakin mahaifa yana bin tsarin 2019 mai auna haɗari na ASCCP, ƙungiyar ƙwararru kan cututtukan bakin mahaifa, ko jadawalin tazarar haihuwa na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, bugun 2024 ne, ko an ambaci maganin zuranolone da aka amince da shi a Agustan 2023 don baƙin cikin bayan haihuwa, da rigakafin RSV, ƙwayar cutar numfashi mai kama jarirai, da ake yi wa mai ciki tsakanin mako 32 da 36. Kwas ɗin da ya faɗi biyu daga cikin waɗannan, ko kyauta ne ba na so.

Sai masu cusa miki abin da ba ki buƙata. Horon awa takwas kan shaye-shaye da DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, ta wajabta daga 27 ga Yunin 2023 sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, ana kuma samunsa kyauta a wurare masu inganci, amma za ki ga ana sayar da shi da tsada kamar duk sabuntawa sai an maimaita. Akwai masu cire kuɗi da kansu duk shekara ba tare da sanarwa ba, da masu riƙe satifiket sai kin sake biya. Ga kuma saƙonnin imel da ke kiranki "fitacciyar farfesa" suna gayyatarki taron duniya kan lafiyar mata, ki biya kuɗin rajista ki gabatar da takarda. Ni da ban taɓa koyarwa a jami'a ba ina samun irinsu kusan kowane mako.

Ƙanwar tawa a Fulorida take. Muka zauna a waya muka yi lissafi: awa 20 na 1-A daga taron ACOOG, darussan dole na jiha daga ƙungiyar likitocin DO ta jiharta, ragowar kuma daga UpToDate da asibitinsu ya riga ya biya wa kowa. Kuɗin da ya saura ta sayi PROLOG na haihuwa saboda jarrabawar da ke gabanta. Na kuma sa ta buɗe jaka guda a kwamfutarta ta riƙa ajiye kowane satifiket ranar da ta same shi, ta sa wa wayarta ƙararrawa wata shida kafin lasisinta ya ƙare, don ta leƙa layin 1-A tun da sauran lokaci.