Marzocchi Bomber Z1: tsohon suna a sabon hannu

Duk mai sayen shakazobar gaba ta Bomber Z1 domin keken hawan dutse ya kamata ya san cewa sunan ne kawai ya rage na Italiya. Kamfanin Tenneco na Amurka ya sayi Marzocchi, kamfanin Italiya da ya fara ƙera ta, a 2008, lokacin da ƙirar ke komawa Taiwan, sannan kamfanin Fox na Amurka ya karɓi sashen kekuna a 2015, don haka ba ma'aikatan birnin Bologna na Italiya ke haɗa ta yanzu ba. Sabuwar Z1, mai bututu mai kaurin milimita 36, tana da nauyi, amma tana shanye gargada ba tare da jijjiga hannu ba, kuma saita ta ba wuya. A ganina farashinta ya dace da aikinta.