Wane faifan "House of the Rising Sun" ya cancanci kuɗinka?

In kuɗin faifai ɗaya gare ka, nemi na ƙungiyar mawaƙa The Animals wanda kamfanin Columbia ya fitar a Ingila a 1964, mai lamba DB 7301. Sauran duk bayansa suke bi.

Waƙar dai ba tasu ba ce. Tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka ce da ba a san wanda ya ƙage ta ba, tana ba da labarin wani gida a New Orleans da ke kassara rayuwar masu shigarsa. Clarence Ashley ya naɗe ta a 1933, sannan a 1937 Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya naɗi muryar Georgia Turner, 'yar shekara 16, tana rera ta a Middlesboro ta jihar Kentucky. Waɗannan biyu na manazarta ne, ba na mai son ya kishingiɗa ya saurara ba. Na Joan Baez na 1960 ya cika ladabi. Na Bob Dylan na 1962 salon jitar Dave Van Ronk ne, Dylan ya naɗa tukuna ya je neman izininsa. Na Frijid Pink na 1970 hayaniya ce zalla. Miriam Makeba kaɗai nake ɗaga wa ƙafa: ta sa waƙar a faifanta na 1960, kuma in kuɗi ya yi saura, a haɗa da shi.

Su kuwa The Animals, samarin birnin Newcastle, suna tsaka da rangadi tare da mawaƙin Amurka Chuck Berry suka shiga sutudiyo a Landan ranar 18 ga Mayu, 1964, Mickie Most na kula da naɗi, suka buga ta sau ɗaya aka ɗauka. Kod (wato sautuka da ake haɗawa a kaɗa tare) biyar ne kacal: A minor, C, D, F da E. Mai jitarsu Hilton Valentine ba ya kaɗa su gaba ɗaya, tsinke igiyoyin yake ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka, a bugu shida-shida mai sa rangaji. Daɗin yana wajen D ɗin nan. Waƙar na kan A minor, kunne na jiran D minor mai duhu, sai a ba shi D major, sautin F sharp ya ɗan haskaka, nan take kod na gaba ya sauke shi rabin taki zuwa F. Sai E major ta zo da G sharp ta ja ka dole ka koma A minor, a sake zagaye. A kan wannan ne mai rera musu waƙa Eric Burdon ya fara ƙasa-ƙasa sannan ya tsage maƙogwaro, Alan Price kuma ya yi ta ƙara wa ogan ɗinsa (abin kiɗa mai kama da fiyano) ƙirar Vox Continental wuta. Ta zama ta ɗaya a Birtaniya a Yuli, a Amurka a Satumba. Sunan Price kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya tsara ta, shi ya riƙa karɓar kuɗin, abin da sauran ba su manta ba.

To, a nan ake cutar mutane. Abu na farko, duba tsawon waƙar. Cikakkiya minti 4 da daƙiƙa 29 ce. Ƙaramin faifan da kamfanin MGM ya fitar a Amurka an guntule shi zuwa minti 2 da daƙiƙa 58 saboda gidajen rediyo. Na gaske ne, amma ba cikakken kaya ka saya ba. Amurkawa da yawa sai a kundin The Best of the Animals na 1966 suka samu cikakkiyar.

Cutar da ta fi muni ita ce sake naɗi. An taɓa sayar mini da faifan CD mai araha, hoton samarin 1964 ɗauke a bango, ina sawa na ji ganga ta zamani da muryar dattijo. Can ƙasan bayan kwalin, da rubutun da sai ka ƙanƙance ido, an sa "re-recorded". Mai shagon ya ce ai waƙar ce dai. Tun daga nan bayan kwali nake fara karantawa. Duk inda ka ga wannan kalma, ko "new recording", ko an ce akwai "ɗaya daga mawaƙan asali", ajiye ka wuce. Manhajojin sauraron waƙa a intanet ma cike suke da irinsu, wani lokaci su ne ke fara fitowa.

Akwai kuma sitiriyon bogi. A mono aka san waƙar, wato sauti iri ɗaya a kowace lasifika. Wasu kamfanoni sun raba sautin da na'ura, kauri a lasifika ɗaya, kaifi a ɗayar, da amsa-kuwwa a kai, ogan ɗin ya koma kamar daga ƙasan rijiya yake fitowa.

In faifan garmaho za ka saya daga nesa, kada ka yarda da hoton bango kawai. Ka ce a turo maka hoton tambarin tsakiya da lambobin da aka buga a gefensa, a karkata faifan a haske ka ga ƙarce, a kuma ɗora allura a naɗo maka daƙiƙun farko, inda jita ke tafiya ita kaɗai, don nan ne lalacewa ba ta da wurin ɓuya. Wanda ya ƙi turowa, riƙe kuɗinka.