Kunyar titi ko matse hanya: wanne zai hana gudu a layinmu?

Tun da aka zuba kwalta a wasu layukan Kaduna, kullum sai an tambaye ni: kunya za a yi, wato tudun nan da ake gittawa a titi don rage gudu, ko matse titin? Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cuɗanya.

Kunya ba ta da tsada, karo-karon 'yan unguwa ma ya isa. Matsalar ita ce yadda muke yin ta. Mai kyau tsayinta santimita 7 zuwa 10 ne, mai faɗi, da fenti. Tamu kuwa sai a tula siminti kamar za a shuka dankali, ƙasan mota ya karce, mai Keke Napep ya ratse ta bakin kwata inda yara ke wasa. Ka tuna da mai naƙuda a cikin mota da tsakar dare. Da damina kuma ruwa ya kwanta a bayanta ya ci kwaltar.

Matse hanya kuwa, a faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙafa, a shuka darbejiya, a ɗan lanƙwasa titin. Direba da kansa zai sassauta, kuma aikin ya fi daɗewa. Sai dai kuɗi ne, sai hukuma ta shigo, wurin ajiye mota kuma ya ragu.

Layi mai faɗi irin na Malali ko Unguwar Rimi, matsewa ta fi dacewa. Lungun Tudun Wada ko Rigasa da dama a matse yake, musamman gaban Islamiyya, kunya za a yi, amma injiniya ya auna ta.