Firikwensi mai alamar ƙari da mai alamar ragi: ina suka rabu?

Malam, tambayarka ita ce: tunda firikwensi ƙidaya ce ta sau nawa abu ke maimaituwa a daƙiƙa ɗaya, ta yaya za a ce akwai -50 Hz (Hz shi ne ma'aunin firikwensi, wato zagaye nawa a daƙiƙa), kuma me ya raba shi da +50 Hz? Ai abu ba ya kaɗawa sau ƙasa da sifili.

Gaskiyarka, ba ya yi. A wajen ƙidaya su biyun ɗaya ne, zagaye 50 a daƙiƙa. Alamar ba yawa take nunawa ba, alƙiblar juyi take nunawa.

Ɗauki taya biyu, ka kafa ƙusa a bakin kowace, su tashi daga wuri guda. Ta farko tana juyawa saɓanin hannun agogo, ita masana lissafi ke kira +50. Ta biyu tana bin hannun agogo da gudu iri ɗaya, ita ce -50. Yarjejeniya ce kawai, da an zaɓi akasin haka ba abin da zai lalace. In kana tsaye gabansu, bambancin a fili yake. To amma haska fitila daga sama, ka kalli inuwar ƙusoshin a ƙasa kaɗai. Duka biyun suna kai da komowa tare, hagu da dama, kamar an tsaga kara. Wannan inuwar ita ce kosain, shi ya sa cos(-x) yake daidai da cos(x), inda x yake nufin kusurwar da taya ta juya. Mayar da fitilar gefe, inuwar ta faɗa bango: ita ce sain, kuma a nan suka saɓa, lokacin da ƙusar farko ke hawa ta biyu sauka take yi. Sai dai inuwar bango ita kaɗai ma ba ta isa shaida ba, don wanda ya zo a makare bai san wacce ta fara hawa ba. Sai ka haɗa inuwa biyun za ka san ina taya ta dosa.

Abin da ƙa'idar da masanin lissafi Euler ya wallafa a 1748 take faɗi ke nan: e^(ix) = cos x + i sin x, wato taya ɗaya, inuwa biyu (i ɗin shi ke ware inuwar bango daga ta ƙasa). In ka tara tayar ƙari da ta ragi, sain ɗinsu ya kashe juna, kosain biyu ya saura. Don haka duk siginar da aka auna a waya guda, kamar ta makirufo, tunda inuwa ɗaya ce kawai, tana ɗauke da su biyun rabi da rabi. Shi ya sa in ka warware ta da lissafin Fourier, wanda ke rarrabe sigina zuwa firikwensin da ke cikinta, zanen hagu (na ragi) yake zama kamar hoton na dama (na ƙari) a madubi.

Daga nan wasu ke cewa firikwensi mai ragi dabarar takarda ce kawai. A waya guda na yarda da su, ɓangaren hagu bai ƙara wani labari ba. Masanin kimiyya Dennis Gabor ma a 1946 ya nuna yadda za a yar da shi a yi aiki da na dama kaɗai. Amma da zarar awo ya zama biyu, maganar ta sauya. Na'urar radar mai auna gudu tana raba siginar da ta dawo gida biyu, I da Q, waɗanda su ne inuwar ƙasa da ta bango. Motar da ke tahowa tana ba da ƙari, mai tafiya tana ba da ragi. Yar da alamar, ka san gudun amma ba ka san ko zuwa take ko tafiya ba. Haka injin lantarki mai layi uku: musanya waya biyu, ya koma juyawa baya, alhali wutar tana nan a 50 Hz ɗinta.

Kai ma ka taɓa ganinsa da idonka. Fim yana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa. Tayar da ke da tabo ɗaya, in tana zagaye 23 a daƙiƙa, kowane hoto yana kama tabon saura kaɗan ya cika zagaye, sai ka ga tana komawa baya sau ɗaya a daƙiƙa. Kamara ta mayar da +23 ya zama -1.