Garejin da ya wanke mana tankin Falke: aiki ya yi kyau, alƙawari ne babu

Kulob ɗinmu na masu tuƙa jiragen shawagi a jihar Hessen ta Jamus yana da Falke guda ɗaya, ƙirar SF 25C ta kamfanin Scheibe, mai kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa. Jirgi ne mai dogayen fukafukai da ƙaramin inji a hanci. Da inji ake tashi, in an dace da iska mai ɗumi da ke hawa sama sai a kashe shi a yi ta kewaye kamar shirwa. Namu yana ɗauke da injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80, kuma a hunturun da ya wuce wa'adin robobinsa ya cika. Ƙa'idar Rotax ce duk shekara 5 a sauya tiyon mai da na ruwan sanyaya inji da robobin kafireta, ko da ido na ganin lafiyarsu ƙalau. Ni aka ɗora wa bin aikin, shi ya sa nake da bakin magana a kan garejin da muka kai shi.

Sauya robobi muka je yi, amma tanki ne ya cinye rabin aikin. Babban bakaniken, wani dattijo da magana ke yi wa wuya, bai ko buɗe murfin inji ba sai da ya tambayi irin man da muke sha da tsawon zaman da jirgin ke yi a rumfa. Ya juye man duka, ya zura ƙaramar kyamara mai dogon wuya cikin tankin da ke bayan kujeru, ya miƙo mini allon. Can ƙasa ga wani dauɗa ruwan ƙasa mai yauƙi kwance, ga ƙwayoyin ruwa suna ƙyalli, ragar da ke bakin mafitar mai kuwa ta kusa toshewa. Ya cire robar murfin tanki ya lanƙwasa ta a gabana, ta tsattsage. Ta nan ruwan sama ke silalewa ciki. Sauran kuma raɓa ce da ke taruwa a bangon tanki idan aka bar shi rabi-da-rabi cikin sanyi.

Na ce masa ai kafin kowane tashi muna tsiyayo mai a kofi mu duba, kuma garau yake fitowa. Ya ce itanol, wani nau'in barasa da ake haɗawa da fetur, ke ɓoye mana. Fetur na gidajen mai a Jamus yana da shi, ko E5 (har kashi 5 cikin 100) ko E10 (har kashi 10) da aka shigo da shi a 2011, kuma itanol yana shanye ɗan ruwan da ya tarar, ba a ganin komai. Ran da ya ƙoshi, musamman in sanyi ya sauka, sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki tare da ruwan, daidai inda inji ke zuƙa. Rotax ya yarda da itanol har kashi 10 cikin 100, amma wannan maganar inji ce kawai. Tanki da tiyo da robobin jikin jirgi, littafin wanda ya ƙera jirgin ne ke yanke musu hukunci. Ya ba mu wata 'yar kwalba mai zane: a zuba ruwa zuwa layi, a cika da fetur, a girgiza, a jira. In ruwan ya haura layin, akwai itanol.

Gudu zuwa avgas 100LL, shuɗin man jiragen nan, bai raba mutum da wahala ba. Ba shi da itanol, amma yana da dalma, wadda ke taruwa a cikin giyar inji da tankin baƙin mai. Wanda ke shan sa fiye da kashi 30 cikin 100 na lokacin tashi, sai ya riƙa juye baƙin mai duk awa 50 maimakon 100. Ga tsada kuma.

Aikin injin ba ni da abin kushewa. Sun ɗora fulot biyu na kowace kafireta, masu yawo a saman mai suna daidaita yawansa, a sikeli, don biyun a haɗe bai kamata su wuce giram 7 ba, namu kuma sun tsallake. Sun daidaita kafiretocin biyu da ma'aunin iska, kuma wannan na ji shi a jikina: kakkarwar da sandar tuƙi ke yi idan an rage wuta ta ɓace, injin kuma yana kamawa nan take idan aka sake kunna shi a sama. Ga wanda ya kashe inji ya tsinci kansa ƙasa-ƙasa nesa da fili, wannan kamawar ita ce komai. Dattijon ya kuma ja mana kunne a kan ɗabi'ar masu shawagi ta hawa na 'yan mintoci a kashe inji: baƙin mai yana bukatar ya kai digiri 100 aƙalla sau ɗaya a ranar tashi, ruwan da ya taru a ciki ya ƙone. Tsofaffin kayan da suka cire duk sun dawo mana da su a leda, kowanne da takardarsa, rubutun littafin jirgi kuma tsaf.

Inda suka ɓata mini rai shi ne alƙawari. Sun ce jirgi zai fito kafin ƙarshen Maris, sai ga mu muna kallon gajimaren Afrilu daga ƙasa, ɗalibanmu na ta tambaya. Waya ba a ɗauka, saƙo sai an ga dama. Wankin tankin ma sun fara shi kafin su faɗi kuɗinsa, takardar biya ta zo ta zarce ƙiyasi nesa ba kusa ba, ma'ajin kulob ya kwana biyu yana yi mini kallon ni na ci. Aikin ya cancanci kuɗin, wannan ban musa ba, amma kulob da ke rayuwa da karo-karon mambobi yana da haƙƙin a tambaye shi tukuna.

Na riga na sa jirgin a layinsu don binciken shekara mai zuwa, amma a Nuwamba za mu kai shi, da ƙiyasi a rubuce wanda ya haɗa da leƙa tanki.